Takardar Firijin da Aka Cike Har Lahadi

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaran duka. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya raya mana zuri'a, Ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan da kake kuka da shi. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana ya daina hawa babur tun da idonsa na hagu ya fara hazo, amma bai daina koya wa masu hawa yadda ake hawa ba. Gajera, 'yata da ka bari tana rarrafe, yanzu likita ce a sashen yara na babban asibiti, kuma har yau ba ta ƙara tsawon kirki ba, baki dai ya ƙaru. Kawu ya sayar da injin niƙansa ya zauna a gida, kullum shi da rediyo suna musu. Labarin Inna kuwa da gangan na ajiye shi sai ƙarshe, kuma ina roƙonka kada ka tsallaka can kafin ka karanta abin da ke tsakani. Na san halinka, tun kana ɗan makaranta daga bangon baya kake fara littafi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya-jiya muka yi waya. Dalilin shi ne waya kana iya kashewa ka ce layi ne ya yanke, ka sha yi mini haka. Shekara ashirin da takwas ke nan da tafiyarka, sau ɗaya tak ka zo, lokacin rasuwar Baba, ka yi kwana uku a ɗaki, ko titin asibitinmu ba ka yarda an bi da kai ba. Kullum sai ka ce aiki ne ya riƙe ka. Ni da kai mun san ba aiki ba ne. So nake ka zo gida, kuma na san abin da ya hana ka zuwa, don haka yau sai na taɓo shi, ko da za ka sake yi mini fushin shekara biyu kamar wancan karon da na gwada.

Ba na shakka ka ji a labarai cewa Allah Ya yi wa Likita rasuwa a watan jiya. Ka san wadda nake nufi, shugabar rigakafi ta ƙasa a zamaninmu, wadda daga baya ta riƙe hukumar lafiyar jama'a gaba ɗaya har ta yi ritaya. Wadda muke kira Kwatsam a bayan idonta, saboda ba ta taɓa sanar da zuwanta ba. An yi taron tunawa da ita a babban zauren ma'aikatar lafiya, aka gayyaci tsofaffin ma'aikata irinmu, ni ma na je da takalmina mai matse ƙafa. Manya sun yi jawabi iya son ransu. Wasu da na san suna ɓuya a bayan kabad in an ce ga motarta, su ne suka fi kowa share hawaye. Amma wanda ya fi kowa iya magana tsohon direbanta ne, wanda ko takarda bai riƙe ba. Ya ce shekara goma sha tara yana tuƙa ta, ba ta taɓa gaya masa inda za su ba sai sun kai mararraba, sannan ta nuna da hannu. Ya ce in sun isa asibiti, ana shirya mata kujera da lemo a ofishi, ita kuwa tana can bayan gini tana leƙa banɗaki da ramin ƙona shara. Ya ce a jakarta ba hoda ba madubi, sai ma'aunin sanyi da biro da ɗan almakashi. Zauren ya yi dariya, ni kuwa da na ji ya ambaci almakashin ban fahimci komai ba tukuna.

A wurin ne na ji abin da ban taɓa sani ba game da ita. 'Yar tela ce, ita ce babba cikin su bakwai, kuma ƙannenta biyu ƙyanda ta ɗauke su a mako guda tana 'yar shekara tara. Ita ta riƙe ƙaramin a cinyarta. Sai na gane dalilin da ya sa fuskarta ke canzawa in ta tsaya gaban firijin rigakafi. Mu muna ganin tsohon firiji mai cin kananzir da tsatsa a ƙafa, ita kuwa wani abu dabam take gani. Kana tuna ɗakin baya na asibitinmu, inda muke kwantar da yara masu ƙyanda biyu-biyu a gado, iyaye mata a zaune a ƙasa har baranda? Yanzu tsintsiya da tsofaffin fayil ake ajiyewa a ciki. Akwai ƙananan nas-nas a wurin da suka yi shekara biyar suna aiki, ba su taɓa ganin yaron da ƙyanda ta makantar ba, sai a hoton littafi. Wannan aikin matar nan ne da waɗanda ta hora, kuma ko me ke tsakaninka da ita, ba za ka ce ƙarya na yi ba.

To, bari in zo kan ranar Alhamis ɗin nan. Zan faɗe ta yadda na gan ta, don kai abin da ka gani rabi ne. Kai ne mai kula da firiji, aikinka ka duba ma'auni safe da yamma ka rubuta lambar da ya nuna a takardar da ke manne a ƙofarsa. Kai ne kuma ake turawa ƙauyuka a babur, Litinin zuwa Laraba, da akwatin ƙanƙara a baya. Mutum ɗaya, wuri biyu. In mai duba aiki ya zo ya ga gurbi babu lamba, sai takardar tuhuma, ka sha biyu a shekarar farko. Firijin kuwa kullum huɗu yake nunawa, daidai sanyin da ake so. Sai ka koyi dabarar da duk masu firiji na wancan lokaci suka koya, ranar Litinin da safe kafin ka hau babur ka cike mako gaba ɗaya, huɗu, huɗu, huɗu, wani wurin ka sa biyar don kada abin ya yi kama da yawa. Har yaba maka aka yi a kan tsabtar takardarka.

Ranar Alhamis, ranar rigakafi, baranda cike da mata da jarirai, sai ga ta kwatsam. Ba ta kalli kujera ba. Ta tsaya gaban firiji, ta ɗora yatsa a kan takarda, ta bi layi har ta wuce Alhamis, ta wuce Juma'a, ta tsaya a Lahadi da yamma. Ta tambaye ka yau wace rana. Sannan ta durƙusa da kanta ta leƙa ƙarƙashi, ta ga lagwani ya cinye, wutar ta koma ja tana hayaƙi. Ta sa ma'auninta a ciki, ya nuna goma sha tara. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Ta ce tunda takarda ba ta faɗin gaskiya, babu wanda zai iya cewa ga ranar da firijin ya fara ɗumi, don haka duk kwalaben sun tashi daga aiki, kuma duk yaron da aka yi wa allura tun zuwan kayan, mako shida, kamar ba a yi masa ba ne. Ta miƙa hannu ta ce ka ba ta makulli, a gaban matan nan duka, wasu ƙawayen Inna ne. Ka ciro shi daga aljihu ka ba ta. Ka fita ta ƙofar baya, ka rubuta takardar barin aiki a ranar, kafin wata ya ƙare ka bar ƙasar. Iyakar abin da ka gani ke nan.

Ga abin da ba ka gani ba. Ba ta tafi ba. Ta aika direbanta ya kawo sababbin kwalabe cikin ƙanƙara daga babban ɗakin ajiya, ta sa na ɗauko rajista muka fitar da sunayen yara sittin da uku. Kwana huɗu ta yi a garin, shugabar rigakafi ta ƙasa, tana bin gida-gida da takalmin roba, ni ina riƙe da akwati. A kowace ƙofa ita take fara magana. Ba ta taɓa cewa wani ma'aikaci ya yi sakaci ba. Cewa take maganin da muka ba ɗanku ya lalace a hannunmu, mun zo mu ba da haƙuri mu sake. Wani mahauci ya zazzage mu tas a ƙofar gidansa, ya ce ɗansa ba allon gwaji ba ne. Ta tsaya ta saurare shi har ya gaji, ta ce yana da gaskiya, washegari ta koma, jibi ma ta koma, har ya miƙo yaron da hannunsa. Sittin da uku, ba mu bar ko ɗaya ba. Ta arba'in da ɗaya a jerin Gajera ce. Likita da kanta ta yi mata, ina riƙe da ita.

Wata uku bayan haka ƙyanda ta shigo garin, kuma na san labarin ya kai maka can. Na san abin da ka ɗora wa kanka tun daga ranar, don matarka ta taɓa gaya mini a ɓoye cewa ba ka iya zama a ɗaki in ana yi wa 'ya'yanka allura. Saurara da kyau, Auta. An rasa yara a shekarar, ba zan ɓoye maka ba, amma daga cikin waɗanda ba a taɓa kawo su rigakafi ba ne. Cikin sittin da ukun nan babu wanda ya mutu, babu wanda ya makance. Na bi su ɗaya bayan ɗaya saboda kai. Ɗan mahaucin nan shi ne yake yanka mana nama yanzu, kuma ya gaji bakin ubansa. Wannan ita ce maganar da na so in faɗa maka shekarun baya ka kashe waya.

Akwai kuma abin da ni ban taɓa faɗa ba, kuma ya fi wancan nauyi a bakina. Ni ce nas mai kula da asibitin. A ƙasan takardar nan akwai wurin sa hannun mai kula, kuma hannuna ne a wurin. Duk ranar Litinin ina ganin ka cike ta har Lahadi, ina sa hannu ina wucewa ɗakin awo. Da ta karɓi makulli a hannunka, ya kamata in buɗe baki in ce tare muka yi. Na yi tsit. Ina da jaririya, ina tsoron aikina, na bar ƙanena ya ɗauki kayan mu biyu shi kaɗai. A rana ta uku muna tafe tsakanin gidaje, ta ce mini ta ga sa hannuna, ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ce uffan ba. Na yi shekara ashirin da takwas ina cin albarkar shirun nan, har aka ba ni takardar yabo ranar ritaya. Ka yafe mini, don Allah. Kunyar da ta kore ka, rabinta tawa ce.

Yanzu ga dalilin wannan wasiƙa. Bayan an tashi daga taron, wata mata ta zo tana tambayar tsohuwar nas ta asibiti kaza. 'Yar Likita ce, malamar makaranta, kamanninsu ɗaya har tsayuwar. Ta ja ni gefe ta ba ni ambulan. Na nemi kujera na zauna, na buɗe. Takardar firijinka ce. Ta yi ja, ta sha ninki har an liƙe ta da salatif, ga huɗu-huɗunka nan a jere da rubutunka mai kwanciya, har Lahadi da yamma, sauran guraben watan babu komai. An yanke samanta inda sunanka yake, an yanke ƙasanta inda na sa hannu. Sai a lokacin na tuna almakashin da direba ya ambata.

'Yar tata ta ce takardar nan ta zaga ƙasar nan fiye da kowane minista. Duk inda mahaifiyarta za ta horar da ma'aikata, sai ta ɗaga ta, ta tambaye su laifin wane ne. Su ce na mai firiji. Sai ta ce a'a, laifinta ne, ita da ofishinta, da suka ba mutum ɗaya aikin wuri biyu, suka kuma hukunta gurbin da aka bari babu komai, suka yaba wa lambar ƙarya. 'Yar ta ce haka mahaifiyarta ta rubuta a rahotonta na wancan lokaci, kuma babu sunan kowa a ciki sai nata. Ashe daga firijinka ne dokar nan ta fito, wadda na yi shekaru ina koya wa yara ban san asalinta ba, cewa kowane firiji mutum biyu ne ke riƙe da shi, kuma in ba ka duba ba ka bar gurbin haka, ba mai tuhumarka, amma kada hannunka ya rubuta abin da idonka bai gani ba. An ce a shekarar farko da dokar ta fara aiki, firiji sama da ɗari uku aka gano suna ɗumi a faɗin ƙasa, duk da takardunsu tsaf-tsaf irin taka. Ka lissafa yaran da ke bayan kowane firiji, ni kaina ya kasa.

Ta ce a makonnin ƙarshe, tana kwance, mahaifiyarta ta sa aka ciro takardar daga aljihun teburinta, ta ce a nemi mai ita a mayar masa. Ta ce a gaya masa abu biyu. Na farko, ta gode, don abin da ta koya daga takardarsa ba ta koye shi a jami'a ba. Na biyu, ta yi kuskure da ta karɓi makulli a gaban jama'a. Ta ce ran nan ƙannenta take gani, fushi ya rufe mata ido, nufinta ta dakatar da shi mako biyu ta mayar masa, amma da ta aika nemansa aka ce ya ajiye aiki. Ta ce ta gyara firiji ɗaruruwa, amma ta yi asarar ma'aikaci mai hawa babur kwana uku a mako ba ya gunaguni, kuma abin bai taɓa barin ranta ba. Ta roƙi ya yafe mata. Na yi kuka a zauren nan har direban ya kawo mini ruwa. Ni dai na gode wa Allah da Ya haɗa mu da mace irin wannan, na gode mata saboda Gajera, saboda yaran nan sittin da uku, saboda sunanmu da ta yanke da hannunta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da abin da mu ba za mu iya ba.

To, yanzu labarin Inna. Duk wasiƙar da na taɓa aika maka, duk wayar da muka yi, cewa nake Inna tana nan lafiya lau. Da na dawo daga taron da ambulan a jaka, na shiga ɗakinta, sai na ga ashe ni ma tun ranar Litinin nake cike maka mako. Na zauna na dube ta da idon nas, ba da idon 'ya ba, kuma ga abin da na gani. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa, in ka danna yatsa sai ramin ya tsaya. Daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta huta sau biyu. Ba ta iya kwanciya miƙe, sai an jera mata matashi uku. Abincin da take cinyewa da, yanzu rabi take bari ta ce gishiri ya yi yawa. Na kira Gajera ta auna ta, ta fito tsakar gida ta ce mini zuciyar ta gaji, magani zai sassauta amma ba zai mayar da ita ba, kuma ita ba za ta yi mana alkawarin shekara ba. Hankalin Inna kuwa garau, har yanzu tana gyara mini ɗaurin ɗankwali. Da ta ga na ɗauki biro ta ce in rubuta maka tana lafiya, kada in tayar maka da hankali. Na ce mata wannan karon ba zan rubuta ba.

Na faɗa mata saƙon Likita kamar yadda na ji shi. Ta ce ita tun ranar ba ta taɓa jin kunyarka ba, kai ne ka ji kunyar kanka ka tafi ka bar ta da kewa. Ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce ba za a aika ta ta gidan waya ba, wasiyya ce a mayar wa mai ita, kuma a hannunta zai karɓa. Ka san Inna in ta kafe. Matan da suka ga an karɓi makullinka, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa jikokinsu suke kawowa asibitin, kuma in sun tambaye ka, tambayar ɗan ƙawarsu suke yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na gode da haƙurin da ta yi da kai, don na san ba ƙaramin aiki ba ne. Ka gaishe da babban ɗanka mai karatun injiniya, da 'yan biyu, da ƙaramarsu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Maigidana yana gaishe ka, ya ce tsohon babur ɗinka yana nan a bayan gida, kaji sun mayar da shi nasu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Gajera ta ce a gaya wa kawunta tana da tabon allura biyu a dantse, kuma duk biyun tana alfahari da su.

Kowace safiya Inna tana tambayata yaushe za ka zo. Shekara da shekaru ina ce mata nan kusa, bana in Allah Ya yarda. Yau da ta tambaya na ce ban sani ba. Na bar gurbin babu komai, Auta. Kai za ka cike shi.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka